Yadda Ake Fitar da Kek Sakayau Daga Maskafone

Duk wanda ya taɓa tsoma cokali a cikin maskafone ya san abu ne mai nauyi. Cukun Italiya ne, fari mai ɗan ratsin ruwan madara, kirtif, wanda kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa ko fiye zallar mai ne. In ka kafa cokali a tsakiyarsa, tsayawa yake yi ƙyam. Hankali zai ba mutum cewa idan aka zuba irin wannan a kwaɓin kek, abin da zai fito daga obin curi ne mai ɗaure ciki. Amma akwai masu hannun da za su ɗauki giram 250 nasa su fito maka da ƙananan kek goma sha biyu a kofunan takarda, kowanne in ka ɗaga ka ji shi sakayau, in ka danna da yatsa ya lotsa ya taso. Mutum biyu za su auna kaya iri ɗaya a sikeli ɗaya, na ɗaya ya tashi, na ɗaya ya kwanta, kuma bambancin duk yana wurin sanin lokacin da za a ɗauke hannu.

Ba banza ba ake danganta wannan cuku da lokacin sanyi. Asalinsa yankin Lombardiya ne a arewacin Italiya, musamman kewayen garuruwan Lodi da Abbiategrasso da ke kusa da Milan, a shimfiɗaɗɗen kwarin kogin Po inda hazo ke rufe gonaki a watannin sanyi. Ƙasar shanu ce. Tun ƙarni na 12 sufayen Kirista na gidajen ibadar Chiaravalle da Morimondo suka yi suna wajen gyara fadamun yankin, kuma aka riƙa sakin ruwan maɓuɓɓuga yana malala a hankali a kan ciyawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi iskar hunturu ɗumi, don haka ciyawar ba ta daskarewa, shanu kuma suna samun ɗanyen haki a lokacin da na wasu wurare ke cin busasshe. Ga shi kuma babban cukun yankin, irin su Grana, da madarar da aka kwashe wani ɓangare na kirim ɗinta ake yin sa. Kirim ɗin da aka kwashe dole a san yadda za a yi da shi: wani ya zama bota, wani ya zama maskafone. To, maskafone ba ya jure zafi ko kaɗan, kuma a zamanin da babu firiji, sai kaka ta wuce sanyi ya sauko ake iya yin sa a ci kafin ya lalace. Har yau a gidajen Milan, lokacin Kirsimeti, akan kaɗa shi da kwaiduwar ƙwai da sukari a ɗora a gefen yankan burodin nan mai zabibi da ake kira panettone. Duniya kuwa ta san shi ne ta hanyar kayan zaƙin nan tiramisu, wanda sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ya bayyana a arewa maso gabashin ƙasar.

Shi kuwa ƙaramin kek na kofi daga Amurka ya fito. Littafin girkin Amelia Simmons na shekarar 1796 ya riga ya ambaci kek da ake gasawa a ƙananan kofuna, kuma a 1828 Eliza Leslie ta saka irinsa a nata littafin. Haɗa shi da maskafone aikin masu gashin zamani ne, amma sun tarar da hanya a share, don matan Italiya sun daɗe suna yin kek ɗin gida da maskafone a madadin bota.

Wahalar tana farawa ne daga nan. A kek ɗin da aka saba, bota ake bugawa da sukari har ta yi fari, ƙwayoyin sukarin suna huda ta suna cusa mata iska. Maskafone ba ya karɓar wannan horon. Kusan rabinsa ruwa ne, kuma mansa a warwatse yake cikin ruwan a ƙananan ɗigo; in aka matsa masa da bugu sai ya tsinke. Saboda haka gwana ba ta neman iska a wurinsa, wurin ƙwai take nema. Za ta fasa ƙwai uku a kan sukari giram 150, ta saka ɗan gishiri, ta kunna mikza ta yi ta bugu wajen minti takwas zuwa goma. Wanda bai sani ba zai tsaya a minti uku, da ya ga kumfa ta taso. Ita kuwa tana jiran abu uku: haɗin ya yi fari, ya ninka kusan sau uku, sannan in ta ɗaga maburgin, abin da ya zubo ya kwanta a saman kwaɓin ya ɗan jima kafin ya nutse. A daidai nan kwanon cike yake da ƙananan kumfa marasa iyaka, kowace a naɗe cikin siririn bangon ƙwai. Duk tashin da kek ɗin zai yi, a cikin waɗannan kumfa zai yi shi. Ita bakar hoda, da mutane ke ɗora wa dukkan yabo, iskar da take fitarwa shiga take yi cikin kumfar da ta tarar ta buɗa ta. Ba ta ƙirƙirar sabuwa. Shi ya sa ƙara hoda ba ya ceton kwaɓin da ba a buga ƙwansa da kyau ba. Sai dai ya kumbura da gaggawa, ya rufta a tsakiya, ya bar ɗaci a harshe. Giram takwas ya ishi wannan kwaɓin, wato rabin ƙaramar fakitin nan ta giram 16 da ake sayarwa a kowane kanti a Italiya.

Sanyin gari da ya sa ake marmarin kek ɗin, shi ne kuma abokin gabar kwaɓinsa. Ƙwai mai sanyi ba ya tashi sosai, don haka a ɗakin girki mai sanyi za ka ga gwana ta jiƙa ƙwanta a ruwan ɗumi na 'yan mintuna kafin ta fasa. Maskafonen ma za ta fitar da shi daga firiji tun da sauran rabin sa'a ko fiye, ta murza shi da bayan cokali har ya saki jiki. In aka jefa shi da sanyinsa cikin kumfar ƙwai, gudaji-gudaji zai yi, kuma ƙoƙarin fasa gudajin shi zai kashe kumfar. Akwai wata dabara a nan da na fi so a cikin aikin gaba ɗaya. Ba ta juye cukun kai tsaye a kan ƙwan. Takan ɗebi ludayi ɗaya na kumfar ta zuba a kan maskafonen, ta gauraya ba tare da tausayi ba, ta sadaukar da wannan ludayin don cukun ya sassauta. Sai kaurinsu ya zo kusa da juna sannan ta haɗa su, kuma a lokacin juyi kaɗan ya isa.

Fulawa ita ce ta ƙarshe, giram 150 tare da giram 50 na sitacin dankalin turawa ko na masara, a tankaɗe su da hodar. Wannan sitacin ma gadon Lombardiya ne: sanannen kek ɗin birnin Pavia da ake kira torta paradiso da shi yake samun laushinsa. Dalilin a fili yake. Fulawar alkama da zarar ta haɗu da ruwa aka juya ta, sai ta fara yin danƙo, danƙon da mai burodi ke nema ido rufe, mai kek kuma ke gudu. Sitaci ba shi da wannan danƙon, man maskafone kuma yana lulluɓe garin ya rage masa haɗuwa da ruwa. Sauran aikin na hannu ne. An kashe mikza. Da faffaɗan cokalin roba take yanka kwaɓin ta tsakiya, ta kwaso daga ƙasa ta kifa a sama, ɗaya hannun yana juya kwanon a hankali. Fulawar kashi uku take shiga. Da zarar farin gari ya ɓace daga gani, ta ajiye cokalin, ko da zuciyarta na raya mata ta ƙara juyi biyu don ya yi sumul. Kallon wannan hannun abin sha'awa ne, don ba ya sauri ba ya nawa, kuma kwaɓin da ya bari a kwano bai ragu da komai ba daga yadda ya tarar da shi.

Gashin kansa ba shi da dogon labari. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 170 zuwa 175 a ma'aunin Salshiyos. Kowane kofi a cika kashi biyu cikin uku. Minti 18 zuwa 22, kuma ba a buɗe ƙofa a minti goma sha biyar na farko, don a lokacin kumfar na buɗewa amma ƙwai da sitaci ba su kama jiki ba. Iska mai sanyi na shiga za su rufta. Wuta in ta yi yawa, sama ya bushe da wuri, ciki ya fasa shi ya fito da tsini. Tsinken sakace in ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima, an gama. Wanda ya jira tsinken ya fito a bushe ƙarau ya riga ya wuce. Bayan minti biyar a ciro su daga faranti, kada tururi ya jiƙa musu gindi.

Abin da ke sa kek ɗin zama na hunturu ƙamshi ne. Lokacin sanyi ne lokacin lemo a Italiya, ciki har da jan lemon nan na tsibirin Sisili, kuma ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya da aka goge ya ishi kwaɓin duka. Gwana takan murza gogaggen ɓawon cikin sukari da yatsu tun kafin ta fasa ƙwai, don man ƙamshin ya fito, kuma ba ta taɓa farin da ke ƙarƙashin ɓawon, ɗaci gare shi. Wasu na ƙara kirfa ko citta ko kanumfari. A ganina abu ɗaya ya isa, biyu in an matsa. Ɗanɗanon maskafone mai kunya ne, na madara zalla da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma in aka tara masa kayan ƙamshi ɓacewa yake yi, a tashi an kashe kuɗi a banza. Mutanen can sukan ɗiga giyar Marsala a kirim ɗinsu. Ruwan lemo ko gahawa mai ƙarfi na tsayawa a gurbinta ba tare da an rasa komai ba.

Sai kwalliyar sama, inda dokar ke juyewa. Cukun da ɗazu aka lallaɓa ya saki jiki, yanzu ana son sa da sanyi ƙarara, shi da kirim ɗin da za a haɗa shi da shi, har kwanon ma wasu a firiji suke ajiye shi. Maskafone giram 250, kirim mililita 200, garin sukari mai laushi giram 60 zuwa 80. Wanda ya saba da aisin ɗin bota na Amurka, wanda sukarinsa kan ninka botar, zai yi mamakin ƙarancin zaƙin nan, amma da shi ake iya cinye kek ɗin ba tare da an kankare samansa an ajiye a gefe ba. Haɗarin kuwa na daƙiƙoƙi ne. Haɗin zai fara tsululu, ya yi kauri, ya yi santsi yana sheƙi, maburgi ya fara barin sawu a cikinsa. In aka ƙara daƙiƙa ashirin, sheƙin ya dushe, ya fara tsaki-tsaki, ruwa ya fara rabuwa. Duk wanda ya ga yadda matan Fulani ke kaɗa nono a gora har man shanu ya dunƙule ya ware ya san abin da ke faruwa: ɗigon man ne suka manne da juna. Su abin da suke nema ke nan, mai kek kuwa asara ce. Don haka gwanaye da yawa kan kashe mikza tun haɗin bai gama kamawa ba, su ƙarasa da hannu, inda za su ji kaurin yana zuwa a wuyan hannunsu. In tsakin bai yi nisa ba, cokali biyu na kirim mai sanyi da ba a buga ba, a juya a hankali, yakan dawo da shi hanya.

Masu sana'ar kek a Kano da Kaduna da Abuja sun san maskafone ba ya samuwa sai a manyan kantuna, da tsada kuma. Abin daɗin shi ne yin sa a gida bai fi ƙarfin kowa ba, muddin an samu kirim na ainihin madarar shanu. Garin nan na man tsirrai da ake kaɗawa da ruwan sanyi ba zai yi ba. A ɗora rabin lita a wuta marar ƙarfi har ya kai digiri 85, ya yi tururi ba tare da ya tafasa ba. A zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami, a ci gaba da juyawa kamar minti biyar har ya fara kama bayan cokali. In ya huce a juye a rariya da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai tsabta, ya kwana a firiji yana tsiyaya. Da safe akwai cukun da zai ishi kwaɓi ɗaya har da ragowa.

Firijin nan dai ba abin wasa ba ne. Maskafone ba shi da gishiri, tsaminsa kaɗan ne, ga ruwa ga mai, wato duk abin da ƙwayoyin cuta ke so. A 1996 a kudancin Italiya gurɓataccen maskafone ya kwantar da mutane da gubar botulizim, har aka rasa rai. Kek ɗin da ba a yi wa kwalliya ba zai yi kwana biyu a rufaffen mazubi, musamman a sanyin Disamba da Janairu. Wanda aka ɗora wa kirim kuwa wurinsa firiji, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a yi wa adadin da za a ci a ranar kawai, sauran a bar su haka. A fitar da su minti goma sha biyar kafin a ci, don sanyi na taurara man da ke cikin kek ɗin, ya kuma danne ƙamshin lemon.