Daga Babur Zuwa K24: Nazari Kan Yadda Honda Ke Ƙera Injin Fetur

Kamfanonin motar Amurka sun daɗe suna neman ƙarfi ta hanyar girma: silinda takwas, lita biyar ko shida, inji na juyawa a hankali yana ta kwankwaɗar mai. Honda ba ta taso a wannan makaranta ba. Soichiro Honda ya kafa kamfanin a Hamamatsu ta ƙasar Japan a 1948 yana ƙera babura, shi kuwa maƙerin babur ba shi da wurin ajiye ƙaton inji. In yana son ƙarfi, sai dai ya sa ƙaramin inji ya yi juyi da sauri. Da wannan tunani suka ci tseren babura na Isle of Man a 1961, da shi kuma suka shigo harkar mota a 1963, inda 'yar ƙaramar S500 mai injin da ya ɗara rabin lita da kaɗan ba ta kai ƙarshen ƙarfinta sai a juyi 8,000 cikin minti ɗaya. Ko da Amurka ta tsaurara dokar hayaƙi a 1970, sauran kamfanoni suka koma liƙa na'urar tace hayaƙi a salansa, Honda cikin inji ta koma, ta fito da CVCC a 1972 wanda ke ƙona mai ta yadda zai cika sharaɗin dokar ba tare da wannan na'ura ba.

Sai dai son juyi mai yawa yana da matsala, kuma a jikin kamshaf take. Kamshaf sanda ce mai ƙusumbi-ƙusumbi, kowane ƙusumbi na danna bawul ya buɗe don iska da fetur su shiga ko hayaƙi ya fita. In aka yi ƙusumbin dogo, bawul ya buɗe sosai ya daɗe, injin zai yi numfashi da kyau a guje, amma a cunkoson gari sai ya riƙa kakkarwa yana ɓarnar mai. In aka yi shi gajere, mota ta yi laushi a gari, a babban titi kuma numfashinta ya ƙare. Shekara da shekaru maƙera na zaɓar ɗaya su haƙura da ɗaya.

Injiniya Ikuo Kajitani da abokan aikinsa ne suka ƙi wannan zaɓi. A injin B16A da ya fito cikin Integra a 1989, kowane bawul biyu an ba su ƙusumbi uku: gajeru biyu a gefe, dogo ɗaya a tsakiya. Muddin mota na tafiya a hankali, dogon na juyawa ne kawai a banza, ba ya buɗe bawul ko ɗaya. Da zarar direba ya taka totur juyi ya haura wani mataki, kwamfutar injin sai ta buɗe wata ƙofa, baƙin mai ya kwararo da ƙarfi ya tura wani ɗan ƙarfe kamar sakata, ya ɗaure hannayen bawul ɗin uku wuri guda, duka su koma bin dogon ƙusumbi. Nan take muryar injin ke canjawa. Abin da ake kira VTEC ke nan, kuma da shi inji mai lita 1.6 ya ba da ƙarfin doki 160, wato ɗari a kowace lita, ba tare da turbo ba. A wancan zamani sai motar tsere ke yin haka.

Inda dabarar ta nuna sosai shi ne dangin K, wanda ya fara fitowa a motar Stream a 2000. A nan Honda ta zauna ta sake gini daga tushe. Ta jefar da bel ɗin taimin ta sa sarƙa, ta cire distirbita ta ɗora wa kowane filogi kwayil ɗinsa, ta ƙara wata na'ura mai suna VTC da ke matsar da lokacin buɗe bawul gaba ko baya yayin da injin ke aiki. Har alkiblar juyin injin ta sauya, domin tsofaffin injinanta suna juyawa ne saɓanin na sauran kamfanoni. Gangar jikin alminiyam ce, ramukan silinda kuma an yi musu rigar ƙarfe. Daga wannan ƙashi ɗaya aka fitar da 'ya'ya masu hali dabam-dabam. K20 faɗin silindarsa milimita 86, tafiyar fistin ma 86, don haka yana son gudu. Na cikin Integra Type R ya kai doki 220. K24 kuwa an ɗan ƙara masa faɗin silinda, aka kai tafiyar fistin zuwa milimita 99, ya zama lita 2.4 mai ja tun daga ƙasa, irin wanda CR-V da Accord ke buƙata. Shi ne a cikin Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda dillalanmu suka raɗa wa End of Discussion (EOD) da Discussion Continues.

A nan ne nake da ƙorafi. Tambarin i-VTEC da ke kan murfin injin abu biyu ne aka ba suna ɗaya. Na Type R da Acura TSX shi ne mai ƙusumbi uku a kamshaf biyu, mai canja murya. Na Accord da CR-V da suka cika titunanmu na tattalin mai ne: a ƙasa da juyi 2,200 ko kusa da haka, ɗaya daga bawul biyu na shigar iska kusan a rufe yake, don iskar ta shiga tana murɗawa ta gauraya da fetur sosai, in an haura sai su buɗe tare. Dabara ce mai kyau, amma ba ita ce ta yi wa VTEC suna ba. Saurayin da ke take EOD a hanyar Zariya yana jiran ya ji ta yi kukan Type R, jiran gawon shanu yake yi. Kamfanin ya ci ribar sunan da motocin gudu suka gina, ya manna shi a motar kai yara makaranta.

Babban abin da ya kamata mai mota ya gane shi ne, duk wannan hikima a kan baƙin mai ta rataya. Shi ke tura sakatar VTEC, shi ke juya VTC, shi ke riƙe abin da ke ɗame sarƙar taimin. A tsohon inji aikin mai shafawa ne da sanyayawa; a K ya zama hannun da ke aiwatar da umarnin kwamfuta. Maƙeran sun zana shi ne da zaton mai shi zai zuba siririn man da aka rubuta, ya kuma canja a kan kari. Mu kuwa ga ƙura, ga zafi, ga man durom da ba a san asalinsa ba, ga imanin cewa mai kauri ya fi kare inji. Akwai wata 'yar raga a bayan solinoyid ɗin VTEC, ba ta kai tafin hannu ba. In datti ya toshe ta, fitilar inji ta kama, mota ta ƙi ɗaukar wuta ta riƙa fizga, sai ka ga an tura mai ita kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani inji, alhali wankin raga da man kirki ne magani. Ba duk laifin namu ba ne: ƙarar da VTC ke yi da sassafe a Accord ta 2008 zuwa 2012 rauni ne daga masana'anta, kuma Honda da kanta ta sanar da dillalanta yadda za a gyara.

Daga baya dokokin hayaƙi da na shan mai suka ja Honda zuwa inda ta daɗe tana gudu. A 2013 K24 ya koma fesa fetur kai tsaye cikin silinda, a 2018 kuma aka cire shi daga Accord aka sa lita 1.5 mai turbo. Sabon yana da ja kuma bai cika sha ba, amma a wurare masu sanyi an same shi da zubar fetur cikin baƙin mai, har aka janye motocin CR-V a Sin a 2018 don gyara. Ga wanda ke tuƙi a kan hanyoyinmu da fetur irin namu, K24 mara turbo ya fi dacewa. In za ka saya, buɗe murfin zuba mai ka haska ciki da tocila tukuna. In ka ga baƙin dasƙare kamar kwalta, bar wa dillali motarsa.