"Yana ƙara garkuwar jiki": tallan da cutar lupus ta ƙaryata

In kana shiga kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, ka san muryar mai tallan magani da lasifika. In ba ka shiga, ai WhatsApp ya kawo maka shi har ɗaki. Magana ɗaya ce ba ta fita daga bakinsa: "yana ƙara garkuwar jiki." Wato an ɗauki garkuwa kamar gero a rumbu, ko nawa ka tara alheri ne. To, akwai cutar da ta rushe wannan lissafi, sunanta lupus.

A lupus garkuwar ba rauni ta yi ba, kan mai ita ta juya. Ƙwayoyin da aikinsu yaƙar cuta su ne ke kai hari ga fata, gaɓoɓi, jini da ƙoda. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Alamunta kuwa, zazzaɓi mai dawowa, ciwon gaɓoɓi, kasala, zubewar gashi, ƙuraje a fuska da rana ke tsananta su, duk sun yi kama da abin da muka saba kira maleriya ko taifod.

Me ya sa jiki ke kasa tsawatar wa dakarunsa? Wani ɓangare na amsar yana ga enzayim, furotin ɗin da ke gaggauta ayyukan sinadarai a jiki. Wasunsu aikin birki suke yi. Ɗauki HO-1. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, kamar yadda ake gani a sikila da maleriya, sukan saki wani sinadari mai suna hem, wanda ke hura wutar kumburi. HO-1 ke farfasa shi, kuma abubuwan da ke fitowa, har da ɗan kabon monoksaid kaɗan, suna kwantar da ƙwayoyin garkuwa. A 2012 masu bincike a ƙasar Chile suka ruwaito cewa HO-1 ya yi ƙaranci a monosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, na masu lupus.

Wasu kuma 'yan shara ne. Kullum ƙwayoyin jikinka na mutuwa, enzayim irin su DNase na share DNA ɗin da suka bari. A 2000 an nuna cewa ɓerayen da aka hana su DNase1 sun kamu da ciwo mai kama da lupus. A 2011 masu bincike a Saudiyya suka gano iyalai da yaransu ke kamuwa da lupus saboda lalacewar ƙwayar gadon DNASE1L3. Shara ta taru, garkuwa ta ɗauke ta abokiyar gaba.

Ka ga ke nan matsalar mai lupus ta birki ce da shara. Wanda ya ce zai "ƙara" mata garkuwa, in ma maganinsa na aiki, totur yake ƙara wa motar da birkinta ya tsinke.

Amma fa kada mu bar masu lasifika mu faɗa hannun masu kanun labarai. Duk sanda aka ce "an gano enzayim mai hana kumburi," sai a yaɗa cewa magani ya samu. A'a. Mafi yawan wannan shaida daga ɓeraye take da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji. Ƙarancin HO-1 a jinin mara lafiya bai nuna ko shi ya jawo cutar ko cutar ce ta jawo shi ba. A 1999 an gwada ba wa masu lupus na ƙoda DNase a Amurka: bai cutar da su ba, amma ma'aunan cutar a jininsu ba su sauya ba. Kabon monoksaid ɗin nan kuwa shi ne gubar hayaƙin janareta da ke kashe iyali a rufaffen ɗaki, don haka kada wani ya karanta rabin labari ya yi ganganci.

Akwai kuma giɓin da ya shafe mu kai tsaye. An daɗe ana cewa lupus ba ta da yawa a Afirka ta Yamma, har a 1968 Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, ya kawo hasashen cewa cututtuka irin maleriya ke kare mutane. Daga baya likitocin gaɓoɓi a Najeriya, irin su Farfesa Olufemi Adelowo, suka wallafa rahoton masu cutar da suka gani. Cutar da ba a gwada ta, dole a ce babu ita. Matar da ke Kurawa, ga nisan hanya ga matsalar tsaro, kafin ta kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ƙila ta sha maganin maleriya sau ba adadi, ƙoda na lalacewa a ɓoye.

Abin da ke ceton rai yau sananne ne: gwajin jini na ANA, duba furotin a fitsari, da magunguna irin haidroksiklorokwin, ɗan'uwan klorokwin da ka sani, ƙarƙashin kulawar likita. Mai shan piradinisolon kuma kada ta yanke shi farat ɗaya. In 'yar'uwarka na fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi wata da watanni, gwajin maleriya bai nuna komai ba, kuɗin kwalbar "ƙara garkuwa" gara a tara shi a yi na mota zuwa asibiti.