Mai Raba Gona da Kiri-kiri

A unguwannin masu hali na birnin Kano, irin su Nasarawa da Bompai, kuɗi ake biya a dasa kiri-kiri a tsakar gida, a ɗauki mai ba ta ruwa safe da yamma, har a sayi injin yi mata aski. Turawa suna kiranta ciyawar Bamuda, ita ce kuma shimfiɗe a filayen ƙwallo da yawa na ƙasashe masu zafi. To, hau mota ka nufi ƙauyukan Minjibir ko Gezawa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A can wannan ciyawa ita ce manomi yake kwana da takaicinta.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙasar nan ta kewayen Kano cike take da jama'a, gona tana jingine da gona, ba a barin fili ya huta. Tun cikin shekarun 1960 masani Michael Mortimore ya yi rubutu a kan yadda manoman yankin suke nome gona ɗaya kowace damina, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da shara da ake ɗaukowa a mangalar jakai. Wanda gadonsa bai wuce 'yan kunyoyi ba, in kiri-kiri ta cinye masa kusurwa guda, damin gero ne ta ɗauke daga rumbunsa.

Ƙanen mahaifina ne ya fara nuna mini cewa cire ta sana'a ce mai zaman kanta. Wata damina na je hutu, na ɗauki fartanya ina ta sara da ƙarfin ƙuruciya, ina jin na gama da ita. Ya tsaya yana kallona har na kai ƙarshen kunya, sannan ya ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Ka gama dasa mini ita?"

Na ce, "Baba, ai nomewa na yi."

Ya durƙusa ya ɗauko wani guntu da bai fi tsawon yatsa ba, ya nuna mini gaɓar da ke jikinsa. Kwana goma bayan nan wurin ya yi kore shar, ya fi yadda na same shi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ya sani, ni ban sani ba, shi ne ciyayi ba halinsu ɗaya ba. Harkiya da guɗe-guɗe da ƙarangiya 'yan damina ɗaya ne, daga iri suke fitowa. Ka sare su a noman firi kafin su yi 'ya'ya, rana ta buge su, shi ke nan. Kiri-kiri kuwa tafiya biyu take yi. Tana yaɗo a bisa ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa danshi sai ta kafa saiwa. Tana kuma da wata jijiya fara mai tauri da ke ratsawa a ƙarƙashi, inda take ajiye abincin da zai fisshe ta rani. Don haka kowane saran fartanya raba ta yake yi gida-gida, kowane guntu ya zama uwa. Garmar shanu ma, in ta ratsa wurin, jan gutsattsarin take yi ta kai su tsakiyar gona.

Shi Baba ba ya sara. Yakan fara daga bakin wurin da ciyawar ta tsaya, ya koma baya kamar taku ɗaya, domin jijiyar ƙasa kullum tana gaba da abin da ido yake gani. Sai ya kafa fartanya a karkace, ya ɗaga ƙasar a hankali, ya sa hannu ya lalubo jijiyar, ya bi ta kamar mai warware zare. In ya ji ta yi tauri ba ya fizga, sai ya ƙara tona gaba. Na sha ganin ya fito da guda mai tsawon kamu uku ba ta tsinke ba, ya kaɗe ƙasar da ke jikinta ya jefa a kwando. In kuwa ta tsinke, ba ya matsawa sai ya samo ɗaya bakin. Aikin yana da cin rai, kuma kallonsa yana da daɗi, don hannun mutumin ya san inda jijiya za ta karkata tun kafin ta karkata.

Lokaci ma yana cikin gwanintar. Ya fi son bayan girbi, sa'ad da ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, rairayi yana sakin saiwa ba gardama, ga kuma watannin rani a gaba da za su busar da duk abin da aka tono. In dole ta sa ya yi da damina, sai ya zaɓi safiyar da gari ya waye garau. Yakan ce ciyawar da aka nome da yamma aka yi ruwa da dare, sauya mata wurin zama aka yi.

Abin da ya tara a kwando ba ya zubar da shi a iyakar gona, ba ya kuma kai shi juji, don kada ya dawo masa cikin taki. Ganyen yana zuwa wa awaki da jaki da ke ɗaure a turke, tunda da damina dabbobin yankin ba a sakinsu. Jijiyoyin kuma a shanya su a kan dandali mai tauri har su zama ƙirare, a sa musu wuta.

Sauran dabarar ita ce inuwa. Kiri-kiri ba ta jure rashin rana, shi ya sa a wurin da aka tone yakan cika shukar wake mai yaɗo, ya bar ganye ya rufe ƙasa ruf. Ɗan abin da ya kuɓuce wa hannu sai ya fito a raunane, a tsince shi lokacin maimai.

Yau matasa sun fi gane wa feshi, ban kuma ga laifinsu ba, ƙwadago ya yi tsada. Sai dai a san abin da ake saya. Maganin da ke ƙone ganye nan take, irin su Gramoxone, saman kawai yake kashewa, jijiya tana nan lafiya lau. Mai sinadarin gilaifoset, kamar Roundup, shi ne yake bin ganye ya gangara har saiwa, amma sai ciyawar tana ɗanya tana girma, kuma ba ya bambanta ta da gero ko gyaɗa. A gonar da aka haɗa amfani uku a kunya guda, mai feshi ba shi da wurin sa ƙafa.

Kusurwar da na sassara da fartanya, damina biyu Baba ya yi yana bin ta da hannu kafin ta koma daidai. Bana gyaɗa ce a wurin.