Maimaita Kiɗa a Shirye-shiryen Kacici-kacici na Talabijin

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba dalilin da ya sa shirye-shiryen gasa na talabijin suke maimaita kiɗa ɗaya shekara da shekaru. Mai kallo yana iya ɗauka kasala ce ko tsimin kuɗi. A namu ganin, wannan kiɗa aikin take yake yi, watau da jin sa an san mai shi.

2.0 Aikin Kiɗan

Alal misali, shirin Jeopardy! ya fara a Amurka a 1964. Merv Griffin, wanda ya ƙirƙiro shi, shi ne ya tsara kiɗan daƙiƙa 30 da ake sakawa yayin da 'yan takara suke rubuta amsar ƙarshe. Asalinsa kiɗan reno ne da ya yi wa ɗansa. A nan kiɗa ya zama agogo: wanda ya saba da shi ya san saura nawa lokaci ya cika, ba tare da an faɗa masa ba. Da ana sauya shi kowane mako, da wannan amfani ya ɓace.

Shi kuwa Who Wants to Be a Millionaire?, wanda ya soma a Ingila a 1998, Keith Strachan da ɗansa Matthew ne suka tsara masa kiɗa. Kiɗan yana bin kowace tambaya kamar bugun zuciya, amonsa yana hawa yayin da kuɗin ke ƙaruwa. Amsar daidai da sautinta, ta kuskure da nata. Da shirin ya zo Nijeriya a 2004, Frank Edoho yana gabatarwa, da kiɗansa ya zo.

3.0 Tsokaci

A nan ne muke da ja. Taken ɗan dambe nasa ne, idan makaɗi ya kaɗa, shi ne tsikarsa za ta tashi. Taken talabijin kuwa na kamfani ne, ana sayar da shi tare da tsarin shirin daga ƙasa zuwa ƙasa. Ɗan takarar Legas da na Landan sauti ɗaya ne yake yi musu kirari, kuma shi ne yake yi musu jaje. Bugu da ƙari, kiɗan yakan riga mai kallo yanke hukunci, ya gaya masa lokacin fargaba da na murna.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, maimaici ne ya ba kiɗan ma'ana. Sai dai shirin yake wasawa, ɗan takara kuwa baƙo ne a filin. Ya kamata masu shirya gasa a tashoshinmu su ɗauki dabarar maimaicin, amma su nemi sautin a wurin makaɗan gida.