Taku Ɗaya, Zuciya Ɗaya? Sharhi Kan Binciken Stanford Na 2009

Idan ka taɓa karanta rubutun da ke cewa rawa tare ko tafiya da taku ɗaya na ƙara danƙon zumunci, da wuya a ce bai jingina da binciken Scott Wiltermuth da Chip Heath ba, wanda suka gudanar a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka wallafa a mujallar Psychological Science a 2009. Bincike ne mai kyau, amma a ganina an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Ga abin da suka yi. A gwajin farko, mai bincike ya zaga harabar jami'a da mutum 30, uku-uku. Wasu aka ce su daidaita takunsu, wasu kuma su yi tafiyarsu yadda suka saba. Da aka dawo sai aka ba su wasan kuɗi: kowa ya zaɓi lamba a ɓoye, ribar duka kuma ta dogara ne kan lambar da ta fi ƙanƙanta. Wato sai ka yarda da abokan wasanka kafin ka zaɓi babba. Masu taku ɗaya suka fi sakin jiki da juna. A sauran gwaje-gwajen an sa mutane rera taken ƙasar Kanada suna motsa kofuna, wasu a tare, wasu kowa da nasa lokaci, sakamakon bai sauya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne sun auna farin ciki, suka ga masu daidaiton ba su fi sauran nishaɗi ba. Ke nan ba daɗin wasa ne kawai ya jawo haɗin kan ba.

To ina matsalar? Umarni aka ba su. Akwai daidaiton da ke zuwa da kansa, ba wanda ya nema. A 2007 Michael Richardson da abokan aikinsa sun zaunar da mutane biyu-biyu a kujeru masu lilo, suka ga lilon nasu na komawa tare matuƙar suna ganin juna, ba tare da an ce su yi ba. A 2000 kuma Zoltán Néda da tawagarsa sun naɗi tafin 'yan kallo a ɗakunan wasanni na Romaniya da Hangari: tafin yakan fara a hargitse, sai mutane su rage sauri ya haɗu ya zama ɗaya, sannan ya sake wargajewa. Wannan daban, abin da aka yi a Stanford daban. Wanda aka ce ya bi takun wani dole ya zuba masa ido, ya saurare shi, su ɗauki aiki guda tare. Shin motsin ne ya kawo yardar, ko kuwa kulawar da aikin haɗin gwiwar? Gwajin tafiyar bai raba su ba.

Abu na biyu ya fi damuna. Mai binciken da ya jagoranci tafiyar ai ya san wane rukuni ne wane. Ba sai ya yi maguɗi ba fa. Sakin fuska kaɗan ko taushin murya ya isa. A 2016 Miriam Rennung da Anja Göritz sun tattara gwaje-gwaje 60 a kan wannan batu, suka ga tasirin yana raguwa idan mai binciken bai san rukunin da mutum yake ciki ba. A 2022 Atwood da Schachner da Mehr suka ƙara nuna cewa mutanen da aka bayyana wa irin wannan gwaji kawai, ba su motsa ko yatsa ba, suna hasashen sakamakon da ake samu. Idan kowa ya shigo ɗakin gwaji da amsar a kansa, me aka auna ke nan?

Ka duba lugude ma, yadda mata biyu ko uku ke daka a turmi guda, taɓarya na bin taɓarya har da tafi a tsakani. Mai kallo zai ce dakan ne ya haɗa kansu. Amma galibi 'yan gida ɗaya ne ko maƙwabta, sun san hannun juna tun kafin a zuba gero. A wajen ɗakin gwaji shaƙuwa kan riga daidaito zuwa, kuma tafiyar 'yan mintuna tsakanin baƙi ba ta faɗa mana yadda zumuncin shekaru ke ƙulluwa.

Ban ce a jefar da binciken ba. Akwai tasiri, sai dai bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma kalmar "zumunci" ta yi masa ado da yawa. Wiltermuth da kansa ya sake wani gwaji a 2012: mutane suka yi tafiya a bayan mai bincike, wasu da takunsa, wasu da nasu, sannan ya ce su zuba ƙananan ƙwari cikin wani injin da suka ɗauka na niƙa ne (ba a kashe ƙwarin da gaske ba). Waɗanda suka bi takunsa su suka fi zuba ƙwari da yawa.