Takardun Haraji da Neman Sunan Zuriya: Tsokaci Daga Minna

Wannan maƙala tsokaci ce a kan wata hanyar bincike da na ga tana karɓuwa wurin ɗalibai tun da aiki ya kawo ni Minna, wato bin sunan zuriya cikin takardun harajin zamanin Turawa. Hanyar tana da amfani, amma an gina ta bisa zaton cewa Bahaushe na gadon suna ɗaya daga kaka zuwa jika, alhali ba haka al'adar take ba.

Bahaushe yakan jingina sunansa ga na mahaifinsa, ko garinsu, ko sana'arsa, ko wani laƙabi. Misali, Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, da Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, wa da ƙane ne, 'yan asalin Kagara ta Jihar Neja. Wanda ya bi suna kawai zai raba su gida biyu. Haka kuma zai haɗa Hausawan da aikin hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka kammala a 1911, ya jawo Minna, domin da yawa ana kiran su da sunan garin da suka baro. Biyu masu amsa sunan Kano ba lalle ba ne su haɗa jini.

Abu na biyu shi ne manufar takardun. Tsarin harajin da dokar Lugga ta 1906 ta shimfiɗa kuɗi yake nema, ba asali ba. Rahotannin ƙiyasin haraji da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna sun fi ba da adadin mutane da dabbobi da amfanin gona. Inda aka jera sunaye kuwa, akasari na magidanta ne. Tsatson uwa ba ya fitowa. Ga kuma wanda ya yi ƙaura don gudun haraji, wanda takarda ba ta san da shi ba.

Haɗarin a nan shi ne irin wannan sakamako yakan fita daga kundin digiri ya shiga rigimar gado ko ta sarautar unguwa, ya ba baƙo haƙƙin ɗan gida.

Saboda haka, ya kamata mai bincike ya fara da dattawan unguwanni irin su Limawa da Maƙera, ya tattara jerin iyaye da sana'ar gidan da mai unguwar da ya karɓi harajinsu, sannan ya gwada da takarda. In sun dace, ya samu hujja. In sun saɓa, ya ci gaba da bincike.