Ɗan Gidan Wa Ne Kai? Sharhi a Kan Littafin "No Great Mischief"

Gabatarwa

A zaman ƙungiya na zangon da ya wuce an ɗora mini nauyin in ɗauko ƙagaggen labari na wata al'umma, in auna shi da ma'aunin da malamanmu suka koya mana, wato jigo, da zubi da tsari, da taurari. Littafin da na zaɓa shi ne No Great Mischief na Alistair MacLeod, wanda aka buga a Kanada a 1999. Na karanta shi sau biyu. A karatun farko na rufe shi ina cewa ba shi da makusa. A karatu na biyu, bayan na ɗan leƙa tarihin mutanen da yake magana a kansu, sai na ga akwai gyara a maganata. Abin da zan kawo a nan shi ne yabon da ya tsaya da kuma sukar da ta biyo baya.

Marubucin

An haifi MacLeod a 1936, ya tashi a tsibirin Cape Breton da ke jihar Nova Scotia a gabashin Kanada, ya koyar da adabin Ingilishi a Jami'ar Windsor, ya rasu a 2014. Shi kansa jikan mutanen duwatsun arewacin Sikotilan ne, masu magana da harshen Gelik. Ba mutum ne mai yawan rubutu ba. Ban da gajerun labarai, wannan ne kaɗai dogon labarinsa, kuma shi ya samo masa babbar kyautar adabi ta birnin Dublin a 2001.

Labarin a Taƙaice

Mai ba da labarin shi ne Alexander MacDonald, likitan haƙori mai rufin asiri a jihar Ontario. Yakan kai ziyara birnin Toronto wurin yayansu Calum, wanda giya ta gama da shi, yana zaune a wani ɗan ɗakin haya. A cikin irin wannan ziyara ce tarihin gidan nasu yake warwarowa.

Tushen zuriyar shi ne Calum Ruadh, wato Calum Mai Jan Gashi. A 1779, yana ɗan shekara 55, ya bar yankin Moidart na yammacin Sikotilan da matarsa da 'ya'ya goma sha biyu. Matar ta rasu a teku, babbar 'yarsa ta haihu a cikin jirgi. Ya sauka a Pictou, ya haye Cape Breton, ya ƙara wasu shekaru 55 a duniya. Duk wanda ya fito daga tsatsonsa da sunansa ake kiransa.

Shi kuwa Alexander, yana ɗan shekara uku iyayensa da wani yayansa suka nitse lokacin da ƙanƙarar da ta daskare a kan teku ta burme da su. Kakanninsa na wajen uba suka rene shi tare da 'yar'uwar tagwaicinsa. Sauran yayyen suka zama mahaƙan ma'adinai, har suka je haƙar yuraniyam a Elliot Lake, inda rikici ya ɓarke tsakaninsu da mahaƙa masu jin Faransanci. Calum ya kashe shugaban waɗancan, Fern Picard, aka ɗaure shi. A ƙarshe Alexander ya ɗauko yayan nasa a mota cikin hunturu ya nufi gida da shi, don ya cika a ƙasar kakanninsa.

Jigo

Ni a ganina babban jigon littafin shi ne asali: ina ake ajiye shi, wa ke riƙe da shi, kuma nawa ake biya kafin a riƙe shi. Domin a gane ƙarfin wannan jigo, sai mai karatu ya san irin wahalar da jikan Basikotile yake sha idan ya tashi bin diddigin gidansu da takarda.

Hukuma ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotilan ba sai 1855. Ƙidayar da ta fara rubuta sunan kowane mutum ita ce ta 1841. Kafin nan sai littattafan majami'u, kuma a yankin duwatsu da tsibirai da yawa daga cikinsu ba su fara ba sai ƙarshen ƙarni na 18 ko farkon na 19. Moidart kuma ƙasar Katolika ce, alhali littattafan da aka fi tattarawa na majami'ar hukuma ne. Bugu da ƙari, sunaye kaɗan ne ake ta maimaitawa, har ƙauye ɗaya ya tara Alexander MacDonald fiye da ɗaya. Saboda haka ko da yake hukumar adana tarihi ta Edinburgh ta sa bayananta a intanet, mai neman kakan da ya bar irin wannan yanki a ƙarni na 18 yakan iske takarda ta ƙare tun bai kai gaci ba.

To, me ya maye gurbin takarda? Baki. Masu jin Gelik suna da abin da suke kira sloinneadh, wato jera sunan mutum da na ubansa da na kakansa har sama, ana haɗawa da laƙabi. Idan sun ga baƙo ba sunansa suke fara tambaya ba, cewa suke ɗan gidan wa ne. MacLeod ya gina littafinsa kacokan a kan wannan. Alal misali, ranar da Alexander ya fara zuwa makaranta, malama ta kira sunansa na takarda bai amsa ba, domin shi laƙabin gida ya sani. Wannan ɗan ƙaramin abu ya fi dogon bayani nuna cewa sunan rajista da sunan asali abubuwa biyu ne.

Zubi da Tsari

Labarin bai tafi a miƙe ba. Yakan tashi daga titin Toronto ya koma 1779, ya dawo ramin haƙa, ya sake komawa yaƙin Killiecrankie na 1689 ko kisan Glencoe na 1692. Wasu 'yan ƙungiya da na ba su aron littafin sun yi kukan yawan maimaici: labarin karen da ya bi jirgin Calum Ruadh da iyo, da karin maganar kaka, da waƙoƙin da ake ta sake rerawa. Ni ban ga aibi a nan ba. Haka tarihin gida yake zuwa wa yaro, a gutsure, a maimaice, yau daga bakin wannan gobe daga bakin wancan. Da marubucin ya jera shi shekara bayan shekara, da ya koma rajistar da yake nuna kasawarta.

Taurari

Taurari biyu sun fi burge ni, wato kakannin Alexander maza. Na wajen uba mutum ne mai raha da son shagali, tarihi a wurinsa kirari ne. Na wajen uwa kuwa an haife shi ba tare da aure ba, uban ya mutu kafin a haife shi, bai taɓa ganin ko hotonsa ba. Shi ne mai bin littattafai, mai son a faɗi abu daidai. Dubi hikimar: wanda reshensa ya yanke shi ya fi kowa ƙishirwar sanin bishiyar. Duk mai binciken asali zai ga kansa a tsakanin tsofaffin nan biyu.

Sai kuma masu suna Alexander MacDonald su uku. Na farko mai ba da labari. Na biyu ɗan baffansa da ya mutu a ramin haƙa. Na uku wani dangi ne daga San Francisco da ya gudo don kada a kai shi yaƙin Biyetnam. Ba su san shi ba, amma suka karɓe shi saboda jini, har suka ba shi takardun mamacin ya yi aiki da su. Bayan an yi kisa ya sulale, sai aka ga jakar kuɗin Fern Picard a cikin kayansa. Ashe zargin satar da ya haddasa faɗan gaskiya ne. A nan MacLeod ya yi jarunta, domin ya nuna cewa suna ɗaya da kama ɗaya ba su isa shaida ba, kuma zumunci na makanta ya jefa Calum kurkuku. Hausawa na cewa jini ya fi ruwa kauri, to ga inda kaurin ya zama masifa.

Inda Na Ga Rauni

Na farko, dalilin ƙaurar. Littafin ya bar mai karatu da zaton cewa korar talakawa don a zuba tumaki ita ta fitar da Calum Ruadh. Amma mafi tsananin wannan kora ta zo daga baya, kamar ta Sutherland a farkon ƙarni na 19. Masanin tarihi J. M. Bumsted, a littafinsa na 1982, ya kafa hujja cewa da yawa daga masu ƙaurar farko da kansu suka zaɓi tafiya, suna gudun tsadar kuɗin haya na gona, suna neman ƙasar da za su mallaka. Irinsu ne suka shiga jirgin Hector da ya sauka Pictou a 1773. Haka kuma 1779 tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka ce, lokacin da ƙaura daga Sikotilan ta kusan tsayawa cak. Ana iya cewa ai haka iyalin suka riƙe labarinsu. Na yarda. To amma marubucin ya ba mu kaka mai gyara tarihin yaƙe-yaƙe, me ya hana shi taɓa wannan?

Na biyu, mata. Matan Calum Ruadh biyu, ya da ƙanwa, 'yan gidan MacPherson ne, kuma su suka haifi duka goma sha biyun. Duk da haka babu mai bin nasu asalin. Wanda ya ƙirga baya zuwa hawa shida zai sami kakanni 64. Ɗaukar guda ɗaya a ce shi ne asali zaɓi ne, kuma littafin bai tsaya ya dubi wannan zaɓi ba.

Na uku, ziyarar da 'yar'uwar Alexander ta kai Moidart, inda wata mata ta gan ta a bakin teku ta shaida ta nan take a matsayin tasu, bayan shekaru wajen ɗari biyu. Wurin yana sa hawaye, amma ya ci karo da darasin Alexander na uku. Wannan shi ne mafarkin duk mai zuwa neman asali da jakar tafiya, kuma marubucin ya biya masa buƙata cikin sauƙi.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma daga sunan littafin ya fito. An ɗauko sunan daga wata wasiƙa da James Wolfe ya rubuta a 1751. Wolfe ya yaƙi mutanen duwatsu a Culloden a 1746, sannan ya ci birnin Quebec da taimakonsu a 1759. A wasiƙar ya yaba juriyarsu, ya ƙara da cewa ko sun mutu ba wata babbar asara ba ce. Littafin ya mai da wannan raini tamkar tambarin baƙin cikin zuriyar. Amma wa aka rubuta wa wasiƙar? Wani hafsa ne da ke aiki a Nova Scotia, a lokacin da Ingila ke yaƙi da 'yan ƙasar na asali, wato Mi'kmaq. Ma'ana, shawara ce ta a kawo mutanen duwatsu su yi yaƙi a ƙasar da Calum Ruadh zai zo ya share gona. A cikin labarin kusan ba a jin muryar Mi'kmaq. Gaskiya ne akwai wani mai goge, James MacDonald, ruwa biyu daga yankin James Bay, wanda mahaƙan suka karɓa a matsayin ɗan'uwa. Sai dai ya yi kiɗansa ya wuce. Haka ma 'yan ci-rani baƙaƙen fata da likitan yake hangowa daga mota suna aiki a gonakin Ontario. Sunaye irin su Campbell sun cika Jamaika, kuma binciken David Alston na 2021 ya nuna yadda mutanen duwatsu suka shiga harkar bayi a yankin Karibiyan. Su ma waɗannan reshe ne na bishiyar ƙaurar Sikotilan, amma ba a jera su a sloinneadh.

Kammalawa

Duk da wannan, ina ba 'yan'uwa ɗalibai shawara su nemi littafin. Ban san wani labari da ya fi shi nuna yadda talaka, wanda hukuma ba ta rubuta sunansa ba, yake ajiye kakanninsa a kan harshe. Kabarin Calum Ruadh yana bakin wani gaɓa da teku ke ci kowace shekara, kuma marubucin ya san cewa haka harshen Gelik yake zaizayewa a Cape Breton. Laifinsa ɗaya ne da na yawancin masu bin asali: ya ƙirga abin da aka yi wa gidansu dalla-dalla, ya taƙaita abin da zuwan gidansu ya jawo wa wasu. Wanda zai rubuta kundin digiri a kan tarihin wani gida, ya ɗauki kunnen MacLeod, amma ya ƙara da tambayar da bai yi ba: kafin kakanmu ya kafa bukka a nan, wa ya tarar?

Wannan ra'ayina ne, kuma ra'ayi riga ne. Wanda ya karanta ya ga saɓanin haka, filin mujallar nan a buɗe yake. Wassalam.